Yadda Za Ka Zaɓi Bakin Inji Mai Araha Kafin Ranar Jere

Tun kafin ka karanta, ka sani: wani abu zai lalace a gidanka cikin makon nan. Ba ni da ikon hanawa. Abin da na lamunce maka shi ne, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, zai lalace da araha.

Ga yadda na zama gwani. 'Yata Zakiyya za ta tare ranar Asabar, jere ranar Juma'a, kuma yayata Fanta ce za ta jagoranci mata. Na auna ɗakin amarya daga ƙasa zuwa rufi da kamuna, na buga wa kafinta Nomau waya a Gaffati, na ce ya yi armuwar ta zuba tufafi, kamu huɗu da rabi. Ya yi kamu huɗu da rabi, da nasa hannu. Nomau kuwa sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Aka kawo armuwar, ta fi rufi da yatsa huɗu. Maƙwabcina Modu ya ara mini wani injin yanka da ɗansa ya aiko masa, wanda bakinsa ba ya juyawa, karkarwa kawai yake kamar mai masassara, ya ce in rage mata ƙafafu. Bakin ya mutu a ƙafar farko.

1. Kada ka nemi sunan injin

Babu wanda ya sani. Hau kabu-kabu zuwa kasuwa, tsaya gaban mai kayan ƙarfe, miƙa hannu kana karkaɗawa, kana cewa "zzzz". Mai shagon farko ya ba ni kujera da ruwa, ya ce, "Baba, tun yaushe abin ya kama ka?" Ka daure. Na uku, Adamu, ya gane.

2. Zana ramin a tafinka

Kowane baki yana da rami a gindi, inda yake kama inji. Wani tauraro, wani kamar kofaton jaki. In ramin bai dace ba, cokali ka saya. Kada ka tafi da tsohon bakin, za a gane kai ka kashe shi. Zana ramin a tafin hannunka da alƙalamin bik, sannan ka tsaya alwalar azahar a hanya. Adamu ya duba tafina ya ce, "Baba, wannan ai hadari ka zano." Zaɓi wanda ya fi kama da abin da ruwa ya bari.

3. Ƙirga bakuna, ba haƙora ba

Manyan haƙora na katako ne, ƙanana na ƙarfe. Akwai mai cin duka biyun, kuɗinsa daidai da na ƙunshin goma marasa suna. Yi tunani irin na uba: goma sun fi ɗaya. Adamu ya ce, "Kafintoci suna ɓoye ƙusa cikin ƙafa fa." Na ce na san kafintana. Sai ya jefa mai kyan cikin ledar, ya ce, "Gudummawata ce ta biki. Don amarya, ba don kai ba."

4. Ɓoye mai kyan

Abu mai kyau ba a taɓa shi, shi ya sa yake zama mai kyau. Nemi inda yara ba sa kaiwa. Ni na sa nawa cikin armuwar, can a kantar sama, na rufe ƙofofin.

5. Gwada a kan kayan wani

Turmi ya fi dacewa. Matata Balki ta leƙo ta ce, "Malam, me turmina ya yi maka?" Na ce bincike nake. Ta ce, "Da ka binciki tsawon hannun Nomau."

6. Yanka

Nomau ya sa ƙusa a kowace ƙafa. Baki na farko ya yi shuɗi. Na biyu ya zubar da haƙora. Na uku ya tashi ya tsallake katanga, na ji awakin Modu sun watse. A na bakwai ƙafafu huɗu sun yanku. Muka tsayar da armuwar, ta duƙa kamar mai gaida sirikai. Rage ƙafar da ta fi tsawo. Yanzu wata ce ta fi. Rage ita ma. Kada ka auna, awo ne ya kawo mu nan. Baki na goma ya mutu tare da ƙafa ta ƙarshe.

7. Shigar da ita, ka karɓi yabo da sauri

Mutum shida muka tura ta, ta shiga, har da 'yar rata a sama. Zakiyya ta yi murmushi, ta ja ƙofar. Ba ta motsa ba. Ƙofofin biyu sun zauna daram a kan siminti. Ta ce, "Baba, a sa mata bulo a ƙasa mana." Muka ɗaga za mu sa, ta daki rufi. Modu ya tsuguna ya duba, ya ce, "Ai da sauƙi. A aske gindin ƙofofin, aikin injin nan ke nan. Ina bakin nan mai kyau?"

Na dubi armuwar. Balki ta dube ni, ta ɗauki turminta ta fita.

Wanke hannu

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa ƙafar armuwar, ko turmi, ko akuyar maƙwabci, babu ruwana, ban san shi ba, bai san gidana ba. Yau Alhamis. Adamu ya rufe shago ya tafi suna Hamdara. Gobe da hantsi Yaya Fanta za ta iso da mata da akwatuna, kuma abu na farko da takan yi a kowane jere shi ne ta buɗe armuwar da hannunta. Ban san abin da zan ce mata ba tukuna.