Ruwan Araha

"To ya ƙarfin jiki, amarya? Za ki tashi da kanki, ko a kira mutum huɗu su ɗaga ki?"

"Jiki alhamdu lillahi, maigidana. Kai ne dai na ga ka faɗa. Motar ce ka yi ta turawa har nan?"

Kaka na zaune kan kujerar roba a ƙofar ɗakinta, jaka a cinya, ta gama shiri tun da sassafe. Mai gaishe ta jikanta ne, tela, wanda a gida ake ce wa Mai Tsimi, domin ko zaren da ya rage a allura ba ya yar da shi. Shekara da shekaru Kaka na jin labarin wata magangarar ruwa, inda ake cewa ruwa na faɗowa daga kan dutse da ƙara har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Yanzu yanar ido ta fara rufe mata gani, likita kuma ya ce kullum ƙaruwa take yi. Shi ya sa Mai Tsimi ya yi mata alkawari: kafin idon ya gama rufewa sai ta ga ruwan nan.

Ya aro motar da maigidansa ke kai ɗinki da ita. Ya kuma zaɓi tsakiyar rani, saboda wani abokinsa ya ce a lokacin ne ake rage kuɗin shiga. Dalilin ragin ne bai tsaya tambaya ba.

Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta shiga baya da kwandon burodi da dafaffen ƙwai. Aka sa Kaka a gaba, ya zagayo ya ɗaure ƙofarta da ƙyallen atamfa.

"Kai, mene ne haka? Akuya ka ɗauko?"

"Don kada ki gudu ne. Na san halinki, kina ganin mai babbar mota za ki bi shi."

"Ni da haƙorana uku? Wa zai ɗauke ni in ba kai ba, da ka saba sayen ragowar kasuwa?"

"Ai ragowa ta fi auki."

"Araha dai ba ta ado. Duba ni, duba motarka."

Suka kama hanya. Motar in ta ga gangara sai ta yi ta rawar jiki kamar budurwa, in ta ga hawa sai ta tuna shekarunta. Sau biyu Goggo na sauka tana sa dutse a bayan taya.

"Maigidana, mai keken can da ya wuce mu, ba shi ne ya wuce mu ɗazu ba?"

"Shi ne. Ya tsaya ya ci abinci ne."

"Ka gaishe shi, ka ce in ya isa ya ce wa ruwan ya jira mu."

"Sannu ba ta hana zuwa, Kaka."

"Ƙarasa mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Rana ta take tsaka suka isa. Filin ajiye motoci fayau, ko kare babu. Mai Tsimi ya bugi ƙirji.

"Kin gani? Wurin gaba ɗaya na kama miki. Wane miji ya taɓa yi miki haka?"

"Kakanka ko kujerar mota bai taɓa kama min ba, Allah ya jiƙansa. A kan buhu nake zama."

Mai gadi ya taso daga inuwa yana miƙa, ya dube su kamar waɗanda suka yi ɓatan hanya, ya yage musu takardar shiga. Suka bi wata 'yar hanya, Kaka na riƙe da hannun jikanta, har suka kai wani dandamali mai shingen ƙarfe.

Can nesa ga dutsen, baƙi ƙirin, tsayinsa ya kai gidan bene nawa. A tsakiyarsa wani siririn ruwa na tsiyaya kamar an karkata buta.

Goggo ta buɗe baki, Mai Tsimi ya yi mata alama da ido ta rufe.

"To, mun iso?" in ji Kaka, tana ƙanƙance ido. "Ni duhu kawai nake gani a tsaye."

"Mun iso. Kai, Kaka, ruwa! Fari fat, kamar an warware bandir ɗin shadda tun daga sama."

"Iye?"

"Ga feshi yana tashi kamar hayaƙi."

"Ikon Allah." Ta karkata kai, ta kasa kunne. "Ka ce ruwan mai kunya ne. Ya ga surukarsa ya yi shiru."

"Iska ce ke kai ƙarar can gefe."

"Maigidana, ido ne ya ci amanata, kunne yana nan daram. Abin da nake ji, famfon gidanmu ya fi shi murya, shi da sai ranar da ya ga dama yake zuwa."

Mai Tsimi ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Ƙarya nake yi, Kaka. Babu ruwa. Wato akwai, amma in na zuba shi a dutsen guga ba zai ishe ni riga ɗaya ba. Ashe da damina ake zuwa. Ni kuma na ji an ce ragi, ƙwaƙwalwata ta tafi hutu."

Kaka ta kama ƙarfen shingen da hannu biyu tana fuskantar dutsen. Damina saura wata huɗu, shi da ita duk sun san abin da likita ya faɗa. Mai Tsimi ya gwammace ta zage shi.

"Laifina ne," ta ce daga baya. "Wanda ya aiki kaza ɗiban ruwa, ai ba zai yi kukan ƙishi ba. Ni na raine ka, da hannuna na koya maka raba ashana gida biyu."

"Ashe gado na yi."

"Gado ka yi, har ka fi mai shi. Ni ashana na raba, kai kogi ka rage wa tsawo."

Mai gadi da ke bayansu ya yi gyaran murya. Ya ciro makulli ya nufi wata ƙaramar ƙofa a jikin shingen.

"Baba, in kina iya takawa, ku sauka ƙasa. Da damina wannan ƙofar a kulle take, daga nan kowa ke hange, ko saurayi ba ma bari ya wuce. Yanzu kuwa har gindin dutsen za ku je."

Mai Tsimi ya dubi ƙofar, ya dubi Kaka.

"Amarya, hau bayana."

"Bayanka? Wannan da ya yi kama da allon guga? Ka bari in mutu a kan ƙafata."

Haka suka gangara, taki ɗaya hutu ɗaya, tana dafe da kafaɗarsa tana yi wa duwatsu faɗa. Goggo na biye da takalman Kaka a hannu. Da suka matso, sanyi ya fara bugun fuskarsu. Ya kai ta har inda ruwan ke sauka, ya ɗora tafinta a jikin dutsen.

Ruwan ya bi yatsunta ya gangara har gwiwar hannu. Ta matso da fuskarta kamar mai zura zare a allura.

"Af! Ga shi nan. Ina ganinsa, yana walƙiya." Ta ɗaga kai a hankali tana bin siririn hasken sama. "Kai, daga can yake? Duk wannan nisan?"

"Daga can."

"Bawan Allah. Shi ma lallaɓawa yake kamar mu."

Ta tara hannu ta wanke fuska, ta sake tarawa ta sha. Ɗankwalinta ya jiƙe, ba ta kula ba.

Mai Tsimi ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"To yanzu fa? Da na kawo ki da damina, da kina can sama kina kallon hazo. Dama na lissafa duk wannan."

"Ka lissafa! Makaho ya taka kuɗi ya ce dama nan ya nufa."

"Amma dai ya taka."

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ta dafa dutsen. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro alawar minti guda ɗaya wadda zafi ya manne da takardarta, ta danƙa masa.

"Ungo, ka ci nasara. Kuma ka shanye ta yau ɗin nan a gabana, ban yarda ka raba ta kwana uku ba."