Jadawalin Manoman Kofi Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Yurani Cuéllar Perdomo, ɗalibar ƙididdiga a garin Neiva, ke sanar da 'yan'uwa da abokan karatu rasuwar jadawalin bayananta, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi, a cikin kwamfutarta, a kan teburin cin abincin gwaggonta Doña Aminta.

Marigayin ɗan kan tsauni ne. Da ƙafarta Yurani ta tara shi, gona bayan gona, wani wurin a mota, wani wurin a kan alfadari, tana shan tinto, baƙin kofinsu, a duk inda ta sauka don kada manomi ya ce ta raina gidansa. Kowane manomi da layinsa: sunansa, takin da ya zuba, ruwan da ya samu, buhunan da ya girba. A kan wannan tsari lissafinta ya tsaya, na auna yadda taki ke ƙara amfanin gona. Bawan Allah ne mai haƙuri, in an tambaye shi ya amsa, bai taɓa kunyata ta gaban malami ba.

Jinyarsa gajeriya ce. Ferney, ɗan gwaggon nata, mutumin da ba a sa shi aiki ba amma ba ya rasa yi, ya so ganin wa ya fi kowa girbi. Sai ya kama jerin buhuna shi kaɗai, ya tsara daga babba zuwa ƙarami, ya bar sunaye da taki inda suke. Marigayin ya yi ƙara sau ɗaya, ting, yana gargaɗi. Ferney ya danna, ya adana, ya rufe.

"Gyara miki na yi, 'yar'uwa," in ji shi, bakinsa cike da biskit ɗin achira. "Da can kamar kasuwa yake."

Wayyo, gyaran gangar auzinawa. Yanzu Don Evaristo mai 'yan bishiyoyi a bayan ɗaki ne ke ɗauke da girbin babbar gona. Abin da ya fi ci mata rai, kwamfuta ba ta ce uffan ba: ta yi lissafi lafiya lau, ta ce taki ba ya amfanar kofi da komai. An duba filashin da take ajiye kwafi a ciki, sabon ya hau kan tsohon. An nemi takardun tambayoyin da ta cike a gonaki, ashe tun bara Doña Aminta ta hura murhu da su.

Ya rasu ya bar babi na huɗu na kundin digirinta ba uba, da zane-zane marayu, da Ferney, wanda ya tafi garin Pitalito ba sallama kuma wayarsa a kashe take. Yurani ba ta iya cin abinci. Tsoro take ji, ba ta ɓoye ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe a zauren kare digiri, inda malamai za su ce ta maimaita lissafin a gabansu. Ba a buƙatar furanni. Mai tsohon kwafi ya kawo, ko da rabi ne.

Farfesa Idalí Trujillo, mai duba aikin, ta riga ta gayyato shugabannin ƙungiyar manoma, kuma har yanzu ba ta san an yi rasuwar ba. Yurani ta je ƙofar ofishinta, ta ɗaga hannu, ta kasa ƙwanƙwasawa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah, kada kowa ya riga Yurani faɗa mata.