Malamin da Ke Cikin Kunnen Hafsatu

Ko an shimfiɗa ni a makara, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je makarantar jikata Hafsatu neman mata haƙƙi ba.

Ni ban yi boko ba. Karatun da na sani na allo ne: mai karatu yana rangaji, leɓe yana motsi. To haka nake ganin Hafsatu kullum a gindin darbejiyar gidanmu a Mai'adua, littafi a cinya, igiyar waya a kunne (iyafis suke ce mata), kai yana kaɗawa, baki yana motsi. Na yanke wa kaina hukunci cewa malami ne a ciki yake biya mata. Ban tambayi kowa ba.

Uwarta ta so ƙwace wayar, na ce ba a gidan ɗana ba. Na ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. Idan caji ya ƙare, ni da tsufana nake kai wayar shagon wani Inyamuri a bakin tasha, don kada malam ya yi shiru.

Sai sakamako ya fito, aka ce za ta maimaita aji. Ubanta kuwa ya riga ya rantse, in ta faɗi ta bar boko ke nan.

Na hau acaɓa har ofishin malamai. Na ce sun zalunci yarinya, na ce ko su ba su kai na kunnenta ƙwazo ba. Malaminsu na Hausa bai yi musu ba. Ya kira ta, ya ba ta shafi guda, ya ce ta sa igiyar ta karanta yadda take yi a gida. Ta karanta tiryan-tiryan, ina ta hura hanci.

Ya rufe littafin ya ce, "Hafsatu, labarin me kika karanta?"

Ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya. Ashe ido ne kawai ya bi baƙaƙe, zuciya tana wani wuri.

Sannan ya zare igiyar daga jikin wayar, ya ce, "Iya, ga malamin naki."

Kiɗa ya cika ofis. Waƙar soyayya ce, irin ta gidan biki. Wallahi har ƙafata ta soma bin gangar kafin hankalina ya dawo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

A ƙafa muka koma gida. Ubanta bai karya rantsuwa ba, duk da na ce ni zan ciyar da miskinan kaffara. Yanzu da safe ƙawayenta suna wucewa da farin hijabi, ita tana bakin turmi. Uwarta ba ta taɓa ce mini "na faɗa miki" ba. Tuwo kawai take ajiye mini ta juya.

Na dai koya a makare: ba duk mai gyaɗa kai ne ya gane ba. Ƙadangare ma yana yi.