Numfashin da Na Goge

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai a harkar kasuwa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban manoman Bunkure na yi wa kaina tallan ha'inci ba, da muryata, da kiɗa, da lasifikar da na ɗauko haya.

Ni dilan taki ne da iri da maganin feshi. Da turin baro na fara, babu wanda ya ɗaga ni, kuma wannan ya bar mini wata cuta: gani nake duk abin da ɗan Adam ya iya, in na kalla sau ɗaya, ni ma na iya. A shekarar da abin ya faru, ƙungiyar manoman rani ta gefen kanal ɗinmu za ta zaɓi dila ɗaya da zai kawo mata takin tumatir da na alkama gaba ɗaya. Mu biyu ke nema, ni da Alhaji Sabi'u, wanda shagonsa ke kallon nawa. Sai na ce bari in zo musu da abin da Sabi'u bai taɓa mafarkinsa ba: waƙar talla.

Ɗan kawuna Nasiru, taubashina, yana da situdiyo a Kura, wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Ya ce a nemo mawaƙi. Na ce muryar da ke tsayar da babbar mota a kasuwar tumatir ba ta buƙatar ɗan haya.

"To shiga, ɗan mace," in ji shi. "Allah ya sa makirufon ya jure."

Ni na tsara baitin, kuma har yau ina ganin ya yi ma'ana: "Manomi, zo shagonmu. Ba ma sayar da jabu, ba ma haɗa taki da yashi."

Na rera, na riga kiɗa. Na sake, tari ya sarƙe ni. Na sake, wayata ta yi ƙara a aljihu. Haka muka yi ta yi har rigata ta jiƙe. Da na ce na gaji, sai Nasiru ya juyo mini da kwamfuta. Kowace rerawa tana kwance a layinta, wata ƙarƙashin wata, kamar kunyoyin gona. Ya ce ba a buƙatar ko ɗaya ta fita lafiya daga farko har ƙarshe. A nan za a ɗauki "manomi", a can a ɗauki "shagonmu", a ɗinke su, mai ji ya ɗauka a numfashi ɗaya na yi.

Na ce, "Au, ashe zaɓen tumatir ne! Masu kyau a saman kwando. Matsa, wannan sana'ata ce."

Muka zaɓa, muka ɗinke. Muryar da ta fito (ba yabon kai ba) ni kaina sai da na ji ina son sayen taki. Abu ɗaya ya dame ni.

"Nasiru, wane ne yake haki a bayana?"

"Kai ne. Kamar injin ban-ruwa ya ja iska."

Ya nuna mini a allo: kafin kowane babban tudu na magana akwai ɗan ƙaramin tudu, shi ne numfashi. Ya danna ɗaya, ya goge, wurin ya yi tas. Ana haka janareta ya fara shaƙewa, Nasiru ya fita dubawa, yana cewa kada in taɓa komai.

Mai karatu, na taɓa. Na ja kujera na bi waƙar daga sama har ƙasa, duk ƙaramin tudun da na gani a gaban babba na cire shi, kamar mai cirar ciyawa a fangalin albasa. Ban san cewa kalmar "ba", yadda nake fizgarta da sauri, ita ma ƙaramin tudu ce a gaban babba ba.

Da Nasiru ya dawo ya sa abin ji a kunne, sai na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Ka taɓa?"

"Na gyara."

"In duba maka?"

"Kada ka sa mini hannu. Kai kiɗa ka sani, ni na san kasuwa."

"An gama, ranka ya daɗe."

Na saurari waƙar a mota a hanyar gida, ban ji wani kuskure ba. Ganga tana faɗawa daidai gurbin "ba" ɗin, kunnena kuma yana cike mini abin da na san na rubuta.

Ranar taro na ajiye a-kori-kurata a inuwar darbejiya, na ɗora lasifika a baya. Manoma sun cika tabarmi da benci, Malam Hadi shugaban ƙungiya yana tsakiya, Sabi'u a gefe da buhun samfurinsa kamar maraya. Na danna. Muryata ta tashi, garau, babu haki ko kaɗan:

"Manomi, zo shagonmu. Ma sayar da jabu, ma haɗa taki da yashi!"

Wurin ya yi tsit. Ni kuwa ina gyaɗa kai da kiɗa, na ɗauka daɗi ne ya kama su.

Malam Hadi ya ce, "Alhaji, kunnena ya tsufa. Maimaita mana."

Na ƙara murya, na maimaita musu. A nan ne, da na ga bakin wani dattijo yana bin kalmomin, kunnena ya buɗe.

Sabi'u ya ɗaga hannu sama. "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Mun daɗe muna faɗa, ana cewa hassada ce."

Wani daga baya ya ce, "Yashin na kanal ne ko na rafi? Don mu san wanda ya fi kama ƙasa."

Na kashe lasifika ina ihu, "Jama'a, akwai 'ba'! Wallahi akwai 'ba' a ciki, gogewa aka yi!"

"Wa ya goge?" in ji Malam Hadi.

Ni mutum ne da ba na ƙarya a bainar jama'a (kuma da ma ba ni da wadda zan yi). Na ce, "Ni."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Wani ya faɗi daga kan benci don dariya. Sabi'u bai ma buɗe buhunsa ba aka ba shi aikin. Daga baya Malam Hadi ya ja ni gefe ya ce ya san takina lafiya lau ne, amma in tumatir ɗin mutum ɗaya ya ƙi a bana, ba shi da bakin kare ni, tunda na riga na faɗa da kiɗa. Nasiru kuwa da na je masa da faɗa, cewa ya yi, "Ka ce kada in sa hannu. Baki ma ban sa ba."

Har yau masu saye suna zuwa, amma sai sun tura hannu cikin buhu sun murza a yatsa suna kallona, ni kuma in riƙe musu bakin buhun. Abin da na koya shi ne, manomi bai taɓa ƙin dila don yana haki ba. Yanzu duk tallan da zan yi, da baki nake yi, numfashi da tari da komai, kuma in na zo kan "ba" sai na tsaya na ja ta har na Madobi su ji.