Yadda Ake Zaɓa wa Keke Mai Ƙafa Ɗaya Sabuwar Taya da Sandar Rake

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kana da keken nan na caji mai ƙafa ɗaya, wanda ake tsayawa a kansa ƙiƙam babu abin riƙo, kuma tayarsa ta mutu, to ka zo inda ya dace. Ni ne Ɗan'azumi na Kurmin Kogi. Daga Ikara har Kudan babu wanda ya kai ni sanin wannan keke, don kuwa babu mai shi sai ni. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, ba makawa za ka koma gida da taya sabuwa fil. Ban ce za ta shiga ba. Sabuwa na ce.

Mataki na 1: Fara ɗaure kanka da bakinka

Ba a zaɓar taya mai kyau cikin kwanciyar hankali. Sai ka sa wa kanka wa'adi, kuma a gaban wanda kake jin nauyinsa.

Ga yadda na yi nawa. Matata Rahama ta tafi gidansu, Nasarawan Doya, wankan jegon fari. Da na ga gida ba mai ce mini kul, sai na ɗauki babur ɗina lafiyayye na kai Kano, na yi musayarsa da wannan keken da na daɗe ina kallo a waya. Ranar suna, ranar da uban 'yar fari mai kunya yake neman wurin ɓuya, ni a ranar na shiga gari a tsaye a kansa, hannu a baya, babbar riga tana kaɗawa. Surukina Malam Muhammadu Sani, wanda ya tsufa a noman rake, ya zagaya keken sau biyu.

"Ɗan'azumi, ina sauransa?"

"Baba, ai iyakarsa ke nan."

"To. Zai kai arba'in kuwa?"

A nan mai hankali yake sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda. Kai kada ka yi haka. Faɗi abin da na faɗa a gaban mutum bakwai: "Baba, ranar da za a mayar da su ɗakinsu, in ban zo a kansa ba, washegari in mayar da shi in karɓo babur ɗina." Baba ya ce a shaida. Aka shaida.

Mataki na 2: Kashe tsohuwar

Jira sai ya rage kwana biyu a yi arba'in, sannan ka ga hanyar mota ta yi maka nisa, ka yanke ta cikin gonar da aka sare rake. Kututturen rake ba ya wasa da roba. Za ka ji fus, sannan ka ji kanka a ƙasa, keken kuma ya ci gaba 'yan takuna shi kaɗai kafin ya tuna ba ka.

Duba ɓarnar. In ƙaramin faci ne, ba ka yi daidai ba, koma ka sake. Tawa yagewa ta yi, yatsu huɗu suna shiga har da sarari. Zura keken a buhu ka saɓa a kafaɗa. Duk wanda ya tambaye ka, ce masa taki ne.

Mataki na 3: Kada ka kula lambobin

A gefen tayar akwai wasu lambobi da masana'anta suka rubuta. Wani zai ce maka ka kwafe su a takarda, shi ke nan an gama. Wannan shawarar marasa ido ce. Mutumin da bai taɓa taka Kurmin Kogi ba, yaya za a yi ya san girman tayarka fiye da kai? Wani kuma zai ce ka ciro tsohuwar ka tafi da ita kasuwa. Ka ce masa na gode. Ka ratsa kasuwar Makarfi da yagaggiyar taya a hannu, kafin ka isa rumfar mai taya labari ya isa Nasarawan Doya ya sha ruwa ya huta.

Ƙwararre da rake yake awo. Samu sanda miƙaƙƙiya, kara ta a jikin ƙarfen wilin daga baki zuwa baki, ka yanke kai da gindi sumul da wuƙa. Igiya tana miƙewa, takarda tana ɓata, amma a ƙasar nan babu mai yi wa mai riƙe da rake tambaya. Kada ka ɓata lokaci wajen ƙirga gaɓoɓinta. Me za ka yi da ƙirga alhali ga sandar sukutum a hannunka? Ni dai ban ƙirga ba.

Mataki na 4: Yanke shawara kan irin tayar

A motar Makarfi, safiyar Laraba, yi nazari mai zurfi. Akwai mai manyan haƙora, wadda ke kama taɓo da yashi amma tana gurnani a kwalta. Akwai mai sulɓi, wadda ke tafiya shiru a kwalta amma da ta ga laka sai ta miƙa ka ga ƙasa. Akwai mai tif, akwai wadda ba ta da shi. Ka auna nauyinka, ka auna damina, ka tuna hanyar gidan surukai rabinta burji ce. Ni har muka isa ban gama ba, na dai tsaya a kan mai haƙora. Wannan nazarin yana da muhimmanci ƙwarai, ko da yake ba zai yi maka amfanin komai ba.

Mataki na 5: Gaida surukinka

A bakin kasuwa, gindin wata bishiya, za ka hango shi zaune a benci da abokinsa Bobbo mai shanu. Ya riga ya gan ka. Babu kwana, babu komawa. Cire takalmi ka durƙusa, ka kafa ido a ƙasa, don ɗan mutunci ba ya kallon ƙwayar idon surukinsa.

"Baba, barkanku da kasuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Ɗan'azumi. Ya mutanen Kurmin Kogi? Ya tsohuwa da ƙafar?"

"Da sauƙi, Baba. Ya mutanen gida?"

"Suna nan suna ta shiri, ai gobe ne. Yau ina dokin naka?"

"Yana caji, Baba."

"Madalla. A'a, har da tsaraba?"

Sai ka ji an zare sandar daga hannunka. To, a nan ake gane ɗan tarbiyya. Za ka buɗe baki ka ce wa uban matarka ya saki rake? A kan rake? Sai ka ji ɓas. Ka ji muryarsa yana cewa, "Bobbo, ɗanɗana na yankinsu." Ka sake jin wani abu mai kama da ɓas, wataƙila kuma tari ne, ba za ka taɓa sani ba tunda idonka yana kan tururuwa. Ni gumi ya keto mini har cikin hula, ina durƙushe ina jin ana shanye mini awo, ina kuma amsa gaisuwa.

"Na wace gona ne? Akwai zaƙi."

"Allah ya sa ya yi muku daɗi, Baba."

Zai miƙo maka abin da ya rage, ya ce ka riƙe ka sha a hanya. Karɓa da hannu biyu. Yi godiya.

Mataki na 6: Tsaya a kan awonka

Shamsuddeen mai taya zai karɓi guntun, ya juya shi, ya dube ka.

"Malam, na wane mashin ne?"

"Kai dai duba awo."

Zai kara shi a jikin tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na babur, na keke, duk sun yi masa faɗi. Can ya jawo wata 'yar kumburarriya daga ƙarƙashin tebur, guntun ya zauna a cikinta ɗas.

"Wannan fa ta baro ce, Malam."

Yanzu zuciyarka za ta ce ka gaya masa gaskiya, awon ya ragu. Kada ka saurare ta. In ka ce ya ragu, zai ce da nawa, kai kuma ba ka sani ba. Zai ce garin yaya, kai kuma ba za ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ce surukinka ya shanye ba. Saboda haka gyara hula ka ce masa, "A ƙasashen waje haka suke yin su." Ka tuna kuma roba tana miƙewa. Babbar taya ita ce matsala, ƙarama kuwa lallashi kawai take so. Haƙora ma ba ta da su, amma kada ka tsawaita.

Mataki na 7: Lallashe ta

Koma gida ka rufe ƙofa. Kwance murfin keken, ka zuba kusoshin a kwanon sha don ka samu abin nema daga baya. Shanya tayar a rana ta yi laushi. Shafa mata sabulu. Shafa mata man gyaɗa. Sa bakin cokali ka banƙara, in ya lanƙwashe ka ɗauko na biyu, ai Rahama tana da dozin a kabad. Taka da ƙafa, ka yi mata magana mai daɗi, ka yi mata marar daɗi.

Zuwa la'asar za ka gane tayar ba shiga za ta yi ba, zama take yi a kan wilin kamar gammo a kan mai tallan ruwa. Kano ta yi nisa, Alhamis ta yi kusa. Zauna a ƙasa ka yi tagumi. Ni na yi, kuma ban ɓoye maka ba, takaici ya sa har idona ya kawo ruwa.

Mataki na 8: Je da hujjarka

Da safe hau acaɓa, ka rungume sabuwar tayar. Dabarar ita ce ka nuna ta a zaure ka ce komai ya kammala, ɗauri kawai ya rage, a ƙara maka mako guda. Na haddace jawabin tsaf.

Mutum bakwai ɗin nan suna zaune, babu wanda ya yi fashi. Ban kai ga buɗe baki ba Baba ya karɓi tayar, ya matsa ta da babban yatsa, ya tashi da kansa ya jawo baronsa na kwasar rake daga bayan ƙofa, tayarsa duk ta tsattsage. Ya kara sabuwar. Kamar don shi aka ƙera ta.

"Kun gani? Yaron nan akwai lura. Allah ya yi maka albarka, Ɗan'azumi."

Zaure ya ɗauki amin. Babu wanda ya ambaci keke, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo. Da aka watse na tashi zan sulale, sai ya ce in zauna. Ya rage murya.

"Shekarata arba'in ina saran rake. Ba a yanke na sha sumul kai da gindi. Tun daga nesa na san awo ne."

Na ce masa:

"Baba, kun sani kuka..."

"Na sani na sha, kuma da zaƙinsa. 'Yata na ba ka, ga jika ta ƙaru. Ranar da zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikinsu, a kan me za ka kai ta asibiti?"

Kwana talatin da uku ina tunanin yadda mutane za su gan ni a kan keken nan, ban taɓa tunanin wannan ba ko sau ɗaya. Kunya ta kama ni irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai, wannan karon kuma ba ta ladabi ba ce.

Motar maƙwabcinsu ce ta kwaso mu. Rahama tana gaba da jaririya, ni ina baya tsakanin buhun garin kunu da bahon wanka. Sai da muka fita gari ta waiwayo.

"Malam, tun ranar suna nake so in tambaye ka. Da ka zo a kansa ɗin, mu a ina ka shirya za mu zauna?"

Direba ya ƙara sautin rediyo, Allah ya saka masa da alheri.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai: cokulan da suka lanƙwashe, kusoshin da suka ɓata, ko baron wani da ya samu lafiya. Wanda surukinsa ya shanye masa awo, tsakaninsu ne, kada ya sako ni. Mai ƙorafi kuma kada ya neme ni ranar Juma'a. Ina motar Kano da buhu a kan cinya, zan je roƙon wanda na bai wa babur ɗina, kuma Rahama ta ce in tabbatar sirdin bayan yana nan.