Gaisuwar Tailan a Zauren Malam

Ba zan taɓa mantawa da hannun Malam ba, yadda ya miƙo shi ya tsaya a iska babu mai karɓa, ni kuwa ina gabansa ina aikata abin da ban taɓa zaton za a gani a garin Gwaram ba. Amma bari in faro daga tushe, kada a ce na ɓoye wani abu (ko da yake ban ga abin da ya rage a ɓoye ba, tunda har masu rake a tasha sun san labarin).

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Birnin Kudu, ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, kuma ina neman auren Rukayya, 'yar wani babban malami a Gwaram. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ni kuwa digiri ya hau mini kai. Na ƙudurta cewa in an ɗaura aure ba zan yi irin ta kowa ba, a zauna a ɗaki ana cin alkaki har ya ƙare. Hutu zan kai amaryata, ƙasar waje. Na zaɓi Tailan, ƙasar da mutanenmu ba su san komai nata ba sai buhun shinkafa. Dalilina bai wuce hotunan teku da bishiyoyin kwakwa da na gani a waya ba.

Da na gaya wa Rukayya, ta ce, "To, Allah ya kai mu. Ka taɓa shiga jirgi kuwa?" Na ce mata ba a kan wannan muke magana ba.

Ni mutum ne mai tsoron kuskure, irin wanda yake kulle ƙofa ya dawo daga titi ya sake taɓa kwaɗon. Don haka na duƙufa bincike. Na san unguwannin da ake samun abincin halal a babban birninsu, na san lokacin daminarsu, na san irin sauronsu. Fasfo ne kawai ban yi ba, na bar shi sai ƙarshe saboda ofishin yana ba ni tsoro. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ladabi. Mutanen can, galibinsu mabiya addinin Buda, ba su cika musafaha ba. Haɗa tafuka suke yi su sunkuyar da kai. In sa'anka ne, tafukan a ƙirji. In babba ne, a hanci. In kuwa sufayensu ne, masu mayafi ruwan goro, to a goshi, kuma a sunkuya sosai.

Na ji tsoron in je in kunyata Najeriya (kamar ni Najeriya take jira in kunyata ta), sai na shiga atisaye. Na gaida madubi. Na gaida randa. Na gaida babur ɗina kafin in tayar da shi. Na yi niyyar tambayar wani malami hukuncin wannan gaisuwar ga Musulmi, amma kullum sai in ce bari in ƙara karantawa tukuna, kada in yi tambayar jahilai.

Ana cikin haka Malam, mahaifin Rukayya, ya aiko cewa yana son ganina kafin a sa rana. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, manomi a Sundimina, shi ya raka ni. A mota ya yi ta ja mini kunne.

"Kai dai ka durƙusa, ka karɓi hannu da hannu biyu, ka rufe bakinka. Abin da aka tambaye ka kaɗai za ka amsa. Ban da dogon bayanin nan naka na 'yan boko."

"Haba Baffa, ai na sani."

"Sanin naka ne yake ba ni tsoro."

Mun isa bayan la'asar, zauren cike da ɗalibai, manya masu gemu, kowa da littafi a cinya. Malam yana zaune a kan buzu, ƙaninsa Malam Habibu a gefensa, mutumin da tun farko, kamar yadda na ji, ya so a ba wani ɗalibinsa Rukayya. Baffa ya durƙusa ya gaisa lafiya ƙalau. Sai aka zo kaina. Malam ya yi murmushi ya miƙo hannu.

A nan ne kaina ya ɗauke wuta. Ban tuna da Baffa ba, ban tuna da tarbiyyar da aka yi mini tun ina yaro ba. Hannuwana suka yi abin da na koya musu. Tafuka suka haɗu, suka wuce ƙirji, suka wuce hanci, suka sauka a goshi, na sunkuya a hankali, idona a rufe. Kuma ban ɗago da wuri ba, domin a wani bidiyo da na kalla an ce gaggawar ɗagowa rashin ladabi ce.

Daga baya wani ya ce, "Innalillahi." Da na buɗe ido, hannun Malam yana nan inda yake.

Malam Habibu ya gyara zama ya ce, "Wannan kuma wace ɗariƙa ce?"

Baffa ya mintsine ni a cinya. Mai hankali a nan sai ya ce ruɗewa ce, a yi masa afuwa, ya cafke hannun nan da hannu biyu, shi ke nan a yi dariya a wuce. Ni kuwa sai na ga ya zama wajibi in kawar da shubuha.

"Allah gafarta Malam, ba ibada ba ce. Wato, a iya binciken da na yi ba ibada ba ce, ko da yake akwai masu cewa tana da asali da ibada, ban dai tabbatar ba. Gaisuwar mutanen Tailan ce. Wadda na yi ɗin nan ta sufayen Buda ce, ita ce mafi daraja, ba kowa ake yi wa ba."

"Sufayen wa?" in ji Malam Habibu.

"Buda. Amma ni ba ruwana da su. Can dai nake son kai Rukayya hutu, in an ɗaura."

(Ku lura, har sunanta na kama gatsal a gaban mahaifinta, na kuma sanar da inda zan kai ta tun ba a ba ni ba.)

Malam Habibu ya juya ga yayansa. "Yaya, ka ji da kunnenka. Wurin gumaka zai kai ta. Ni dai tun farko na faɗa." Zaure ya kaure da gunaguni. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan cewa ba a sunkuya wa mahaluƙi, a gabana ya shigo ɗazu yana jan gwiwa, gemunsa kamar zai share tabarma. Na ga wannan sarai. Ban faɗa ba, kuma shi ne kaɗai abin hankalin da na yi a ranar.

Malam ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Bai yi fushi ba, abin da ya fi fushi ciwo ke nan.

"Ɗana, na ga ka yi wa tafiyar nan shiri sosai. To, in kun sauka can, kwana nawa za ku yi kuna kasaru kafin ku cika sallah?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina jin akwai saɓani tsakanin malamai."

"Akwai kam. Faɗa mana ko ɗaya daga cikin maganganun nasu."

Na duba rufin zauren. Na duba Baffa, ya kawar da kai kamar a tasha muka haɗu. Na san bambancin agogo tsakaninmu da Tailan, na san sunan kuɗinsu, amma wannan ban sani ba.

Malam Habibu ya so a rufe maganar auren a nan take. Malam ya ce a'a, ba a korar mai neman sani, amma ba za a sa rana ba sai na riƙa zuwa duk ƙarshen mako ina ɗaukar karatun tsarki da sallah. Kuma a wurin Malam Habibu.

A hanyar dawowa, muna hango Birnin Kudu Baffa ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Da akuyata na ɗauko, wallahi da ta durƙusa."

Rukayya kuwa ashe ita da matan gidan sun ji komai ta bayan katanga. Da na kira ta, dariya ta hana ta magana. Da ta lafa ta ce, "Ni da ka tambaye ni, Kano ma ta ishe ni, in je in ga yayata. Kai ne kake ta kwakwa da teku."

Damina guda na yi ina zarya Gwaram, ina zaune a gaban mutumin da yake kirana Sufi, wanda in na kuskure wasali ɗaya sai ya tambaye ni ko haka ake karantawa a Tailan. Labarin ya iso makarantarmu, na shiga aji na tarar da 'yan aji uku gaba ɗaya a tsaye, tafuka a goshi. Har mutanen da ba za su iya nuna Jigawa a taswira ba suka zama masana addinin Buda, suna yi mini nasiha a bakin masallaci.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Malam da kansa ya ce ya gamsu, Malam Habibu kuma ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Tailan tana nan inda take, ban je ba, kuma ban ji an ce sun yi kewata ba.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne: abin kunya in ka yi shi ka yi shiru, na minti ɗaya ne. Sharhin da ka yi masa shi ne yake cin damina.