Ranar da Na Ja Baƙi Sallah Muka Kalli Jos

Ba zan taɓa mantawa da wata La'asar ba, ko da zan manta hanyar gidanmu a unguwar Ɗan Iya, cikin Bauchi.

Mutanen Gombe ne suka zo neman auren 'yar yayana. Ni aka ɗora wa karɓar baƙi, ni ne kuma zan yi walicci. Babbansu, Alhaji Buba, ya ce a bar su su sauka inda suka saba, wani ɗan masauki a Yelwa. Na san wurin: fanka mai kuka, buta a bakin kowace ƙofa, ɗan masallaci a tsakar gida. Na ce Allah ya kiyaye, ai sai a raina mu. Na kwashe su sai sabon otal mai bene, har da na'urar hawa sama (ranar na fara shigarta, na dai ɗaure fuska).

Ko zama bai yi ba Alhaji ya nemi buta. Ma'aikacin otal ya kawo masa ta dafa shayi, har da wayarta tana reto. Da ita aka yi alwala. Darduma babu, muka shimfiɗa tawul.

"Malam, ina gabas?" in ji Alhaji.

Na ɗaga kai rufin ɗaki, babu kibiyar alƙibla. Lungunan otal ɗin kuwa sun riga sun juya min kai. Mai hankali tambaya zai yi. Ni sai na ce, "Haba Alhaji, a garin nan aka yanke min cibiya," na nuna labule.

"To bismillah, ɗan gari shi ne liman."

Na shige gaba. Na ja ruku'u, na ja sujada (wallahi a gida ba na daɗewa haka), don su san irin gidan da suka zo neman aure. Muna sallamewa ƙanin Alhaji ya yaye labule a ɗan ga gari.

Rana ta dallare mu a fuska. Ranar La'asar, ta kama hanyar Jos abinta.

Sai Alhaji ya gyara zama.

"Ikon Allah. Mu a Gombe da safe take fitowa ta gaban liman."

Aka juya tawul, aka sake sallah. Ni ina can baya, jikin ƙofar banɗaki. Kafin Magariba sun tare Keke sun koma Yelwa wajen fankarsu.

An dai ɗaura aure, amma sai yayana ya ba ƙaninmu walicci. Ya ce min, "Kai ka tsaya wajen rabon goro." Har yau 'ya'yan yarinyar in sun gan ni sai su ce ga Baffa Limamin Jos.

Da ina yi wa masu sauka a irin masaukin nan na Yelwa kallon marowata. Yanzu in na yi tafiya ba ruwana da sanyin ɗaki ko laushin katifa. Buta nake fara tambaya, sannan na ɗaga kai sama. In ban ga kibiya ba, ko a Bauchi ne, baƙo ne ni.